Tanti, jikka 150 ɗinsa na hannuna kuma babu wanda ya sani

Salamu alaikum 'yan uwa. Saƙon wannan satin daga Tawa ya zo. Na rage masa tsawo, na cire sunaye da na unguwa, amma na bar masa Adarancinsa yadda ya rubuto.

"Tanti ina wuni. Ni ɗan Tawa ne, kabu-kabu nika yi. Ina da aboki tun muna CI, lakwal guda munka yi, fada guda muka shan shayi, shi ya samu shiga polis ni ban samu ba. Wata goma sha ɗaya ke nan anka kai hari post ɗin da yake gardi can wajen iyaka, shina cikin waɗanda sunka rasu. Ya bar mata da ɗiya uku, namiji guda mata biyu, da tsohuwa tai. Abin da ka hana ni kwana, hirarmu ta ƙarshe faɗa ce. Ranar an kama mini moto, na zo fada da zafi na ce mishi dukanku ɓarayi ne, ku da 'yan fashi kaki kaɗai ya raba ku. Ya yi dariya ya tashi, ko shayi na biyu bai sha ba. Da dare ya aiko mini bokal, saƙon murya, ban buɗe ba don fushi, kwana tara anka kashe shi, har yau bokal ɗin na nan sakan 47 na kasa buɗewa. Kuma moton nan da nika aiki da shi, shi ya ranta mini jikka 150 na cika na saya, ba takarda ba shaida, ko matarshi ba ta sani ba. Tun sadakar arba'in ban koma gidan ba, kunya nika ji, ga tsoron bakin mutane tunda ta fita takaba. Yanzu 'yan fada mun tara jikka 210 za mu buga triko da hotonshi, mu ɗauko bash da kujeru, mu sa kofin ƙwallo da sunanshi ranar cika shekara, ni na fi kowa zubawa. Wasu kuma na cewa mi polis sunka yi ma talaka da za a karrama su. Tanti mi zan yi in huta?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana, ya haƙuri? Allah ya jiƙan abokinka, ya karɓi shahadarsa, ya raya abin da ya bari, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Sau uku na karanta saƙonka, na farko ina cikin taksi daga Katako har sai da aka wuce da ni inda zan sauka. Kuma na lura da kai, ka yi ta maganar faɗa da bokal da triko, maganar jikka 150 kuwa ka cusa ta tsakiya kamar yaron da ya fasa kwano ya tura shi ƙarƙashin gado. To ni ƙarƙashin gadon zan fara leƙawa, in na taka ka ka yi haƙuri, kai ka ce min Tanti.

Kuɗin nan yanzu ba na abokinka ba ne. Tun daren da ya cika suka tashi daga hannunsa suka koma na magada. Zauna ka yi lissafin da kanka, ba ka ambaci mahaifinsa ba sai na ɗauka ya riga shi. In babu bashi a kan mamacin, matarsa tumuni take da shi tunda akwai 'ya'ya, kashi ɗaya cikin 8, jikka 18 da dala 150 ke nan. Tsohuwa sudusi, ɗaya cikin 6, jikka 25. Abin da ya rage, jikka 106 da dala 50, duk na yaran nan uku ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Yayyensa da ƙannensa ba su da ko dala tunda ya bar ɗa namiji, ka riƙe wannan don zan dawo kansa. Wato kullum ka tada moto da safe, mafi yawan abin da ake bin ka haƙƙin marayu ne, waɗanda wataƙila jiya da dare uwarsu ta yi ta lissafin yadda tiya guda za ta kai su jibi.

Kai kana ganin bokal ne ya hana ka barci, ni kuwa ina ganin jikka 150 ne, kuma shi ya sa ka fi kowa zuba kuɗin triko, zuciyarka ce ke neman ta biya ta bayan gida. Ba ya biyuwa ta nan ɗana. Ko triko dubu ka buga ka raba wa duk mutanen Tawa bashin na nan daram. Ka tambayi kowane malami, Annabi (SAW) ya faɗa cewa shahidi ana gafarta masa komai sai bashi. In wanda ya ba da ransa ba a ɗauke masa ba, ina kai da ke raye kana cin tuwo kana karɓar kuɗin fasinja?

Kuma kar ka ɗauka zagin ka nake. Bashi hanji ne yana cikin kowa, da kai macuci ne da ba ka rubuto ba, da ka yi shiru abinka tunda ba takarda ba shaida. Abin da za ka yi ba shi da wuya, nauyi ne da shi. Ka samu limamin unguwarsu da dattijo guda daga dangin mamacin, a gaban tsohuwa da matar ka ce marigayi yana bi na jikka 150, ga ranar da ya ba ni, ga abin da na yi da su. A rubuta a takarda kowa ya sa hannu, a yi mata kopi biyu. Kar ka sayar da moton, da shi za ka biya. Jikka 10 a wata, wata 15 ka gama, in kasuwa ta yi kyau ka ƙara, in ka ga dama ka riƙa turawa ta Nita ko Amana don resi ya zame muku shaida. Sannan wannan ka ji shi da kyau: kar ka kuskura ka ce a yafe maka. Na san mutanenmu, cikin kuka tsohuwa za ta ce haba ɗana ai kai ma ɗa ne ka bar shi, matar ma kunya za ta sa ta ce ta yafe. Su nasu rabon kaɗai suke da ikon yafewa, na marayu babu mai wannan ikon, ko uwar da ta haife su. Ka ce na gode Inna, amma zan biya.

Kana wurin kuma ka tambaya ko shi ana bin sa. Mai albashin ƙarshen wata da wuya ka same shi ba shi da shafi a littafin mai butik, ko wajen mai nama, ko adashin 'yan aiki. In akwai, daga dukiyar da ya bari ake fara biya kafin a raba gado, kuma kuɗin hannunka na iya zama su za su sauke masa wannan nauyin.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake magana da zafi haka. Maigidana gardi ne, zamanin ana ce musu FNIS kafin a maida su Garde Nationale a 2010. Shekara shida muka yi a Tawa, ni Badamagara har na iya cewa munka da sunka, yara na min dariya. Motar misiyo ce ta kife da su, ba harbi ba, amma cikin kaki ya mutu, ina da shekara 29 da yara huɗu. Kwana uku na farko gida ba masaka tsinke, bash biyu a ƙofa, tukwanen shinkafa, manya da galo a kafaɗa sun zo sun yi jawabi an ce ƙasa ba za ta manta da shi ba, an ninke tuta. Ranar bakwai mutane sun ragu, ranar arba'in an ɗan dawo. Daga nan shiru. Wallahi ranar da na fita takaba, wata huɗu da kwana goma, ko akuya ba ta turo ƙofar gidan nan ba. Abokansa da suke cin abincina kullum, waɗanda na san wanda ba ya son yaji da wanda sai an ƙara masa man shanu, in mun haɗu a kasuwa sai su sauya layi. Da na ɗauka wulaƙanci ne, sai da na manyanta na gane kunya ce irin taka, an yi wata ba a je ba sai a ji nauyin zuwa, a yi wata uku sai a ce da wane ido, shi ke nan shekara ta wuce. Su suna can suna jin kunya, ni ina nan ina cewa sun yar da mu.

Mutum guda ne ya tsaya, ɗan promo ɗinsu, Bazabarme, Hausarsa ma a karye take kuma ba wani aminin maigidan ba ne. Duk rantire sai ga shi da baƙar leda, kaye da bik da allo da alli, wata shekara har da takalman roba ƙafa huɗu. Ba ya shiga, ba ya zama, daga bakin ƙofa zai ce Madam yara lafiya, ya miƙa wa babban ledar ya hau kekensa. Shekara goma sha ɗaya yana yi, ko da aka yi masa afektasiyo sai ya aiko. Jawabin manyan nan ko kalma biyar ba zan iya maimaita maka ba yau, amma na san launin kayen da ya kawo shekarar farko.

Saboda haka gidan nan za ka koma, zumunci a ƙafa yake. Maganar bakin mutane kuwa tana da magani mai arha. Ka tafi da matarka in kana da ita, in babu da mahaifiyarka ko yayarka. Da rana, bayan an sauko Juma'a, ka fara da ɗakin tsohuwa ka durƙusa ka gaishe ta, a tsakar gida za ku zauna inda kowa ke gani, ban da zuwan dare, ban da hira da matar a waya har sha biyu da sunan jaje. In ka kiyaye wannan mai magana zai yi kwana biyu ya gaji. Za su yi maka ƙorafi, tsohuwa za ta ce ashe kana garin, ka sunkuyar da kai ka ce na yi laifi Inna, kar ka kawo uzuri ko guda. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) da ƙafarsa ya je gidan, ya rungumi yaran, ya ce a dafa wa iyalin Ja'afar abinci don abin da ya shagaltar da su ya same su. Kuma matar nan, Asma'u 'yar Umais, daga baya Sayyadina Abubakar ne ya aure ta, don haka ko wani ya ce aure kake nema bai jefe ka da haramun ba. Amma fa ba shi na aike ka ba, kar ka je da wannan a ranka, bashi na aike ka biya.

In an gama gaisuwa an yi maganar kuɗin, tambaya ta gaba ita ce ina dosiye ya kwana. Ma'aikacin gwamnati in ya rasu yana bakin aiki iyalinsa na da haƙƙi, akwai kuɗin da ake ce wa kapital dese, akwai pansiyo ta matar da ta marayu, CARENI ce ke riƙe da pansiyon ma'aikatan gwamnati. Sai dai ba sa biyo mutum gida, takardu ake haɗawa: takardar mutuwa, takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro, takardar taron dangi da aka zaɓi mandater, wato wakilin magada, takardar gado daga jistis. Kuma a nan ake tuntuɓe. Da yawa an ɗaura aure a masallaci an raba goro ba a taɓa zuwa meri an yi takarda ba, ko ƙaramin yaron an haife shi uban na daji ba a yi masa ta haihuwa cikin lokaci ba, sai an bi ta jistis da shaidu. Mace mai yara uku da wataƙila ba ta yi nisa a lakwal ba, wa zai yi mata wannan zirga-zirgar? In abin ya kai sai an zo Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 ce, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, wuni guda cikin bis, ga kuɗin mota ga masauki. Kai kuwa moto gare ka kuma ka san kowace kwana ta Tawa. Ka nemi 'yan promo ɗinsa, su suka san ƙofar da ake bugawa, ka karɓi lambar biyu daga cikinsu ka riƙa tuna musu ba tare da rashin kunya ba.

Ka kuma tambaya a hankali wa dangi suka sa mandater. Na ce maka ka riƙe maganar 'yan uwansa. Sau nawa na gani, a taron dangi a ce wane ne babba shi zai riƙe, kuɗi su fito, baffa ya ƙara aure ko ya sayi fili, marayu ana korar su daga lakwal don kuɗin wata. Ban ce nasu haka yake ba, akwai baffannin kirki da suka fi uba ma. Kuma kai bare ne a gidan, ba ka da bakin faɗa da kowa. Amma idon bare mai zuwa duk Juma'a yana sa mutum ya gyara zama, in ka ga abin da bai yi ba liman za ka gaya wa.

Wani abu kuma da kai kaɗai a fadar nan kake da shi. Yaran nan wa ke kai su lakwal? In babu nisa da hanyarka ka ɗauke su da safe kafin ka fara neman fasinja, minti goma sha biyar ne. Kar ka cire shi daga bashin fa, wannan daban wancan daban.

Sai jikka 210 ɗinku. Ban ce ku fasa komai ba, samari ne ku, kun rasa naku, kuna son gari ya san an yi rashi, wannan ba laifi ba ne. Ƙwallon ma ina so, me take ci? Ƙwallo guda, ruwan sha, ɗan abin alƙalin wasa, kofi mai sauƙi, kafin a take a tsaya a yi masa addu'a, a zagaya da kwali a tara wa yaran. Triko ne ban yarda da shi ba. Kwanan baya a tashar Wadata na ga wani yaro yana goge gilashin mota da tsumma, da ya warware shi sai ga fuskar wani saurayi da hular soja, an rubuta Allah ya jiƙan rai a ƙasa, rabin fuskar duk baƙin mai. Ɗan wata ne wannan. Wanda ya buga rigar da so ya buga ta, amma riga tsufa take, kuma tsohuwar riga tsumma ce. Ko ba wannan ba, kun tambayi tsohuwa ko za ta iya ganin fuskar ɗanta a ƙirjin kowane yaro a layi? Kun tambayi matar? Ku tambaye su tukuna, in sun ce a'a magana ta ƙare. Bash da kujeru kuwa kuɗin mai haya ne kawai, zuwa magariba an naɗe. Maganar sadakar cika shekara malamai sun saɓa, 'yan Izala da nasu 'yan ɗariƙa da nasu, ni ba zan shiga ba, ku bi abin da gidan mamacin suke bi.

In ni ce ku, jikka 40 ta ishi ƙwallo da addu'a, saura 170 a kai wa matar a tambaye ta sana'ar da ta iya. Ita za ta faɗa, kar ku zaɓar mata, wata keken ɗinki take so, wata firji na hannu ta yi ƙanƙara da bisap tunda zafin Tawa ba ya ƙarewa, wata raguna biyu ta turke zuwa Layya. Sannan ku buɗe kaye a fada, kowa dala 100 a wata, abin da bai kai kuɗin shayi da sukarinku na kwana biyu ba. In ku 12 ne jikka 6 ke nan a wata, 72 a shekara, rantire ta zo ba a yi kuka ba. A ba wanda ya fi ku riƙon amana, kar a ba ka, kai ka ji da naka tukuna.

Masu cewa me polis suka yi wa talaka, ba zan yi musu ƙarya ba don an yi mutuwa. Ana karɓa. Ni ma an taɓa tsayar da motar da nake ciki a wani bariyer, muka yi kusan awa cikin rana har sai da direba ya zagaya bayan rumfa ya dawo, kowa ya san abin da ya kai shi. Ba ma zan ce wake ɗaya ne ya ɓata gari ba, waken da yawa. Sai dai hannu biyu ke yin wannan cinikin, kai ma ɗana ranar da aka kama maka moto, kaski na kanka? Asirans ɗinka da rai? Ba ka faɗa ba, ni ma ban matsa ba. Kuma abin da na gani da idona cikin gidan masu kaki shi ne, wanda ya karɓi dala 200 ɗinka da rana yana iya zama shi ne zai kwana a rumfar kwano bakin gari da bindiga guda kai kana minshari. A watan Yuni na 2019, saura 'yan makonni a yi taron ƙolin Tarayyar Afirka a nan Yamai, da dare aka buɗe wa post ɗin polis na mashigar gari ta hanyar Walam wuta, biyu suka mutu, a bakin babban birni fa, ba a daji ba. A jiharku ta Tawa, Oktoban 2016, a Tazalit cikin yankin Tasara an kashe 22 suna gadin 'yan gudun hijirar Mali, gardawa 14, jandarma 5, soja 3. A jihar Tilaberi kuma, soja 71 a Inates a Disamban 2019, wata guda bayan nan 89 a Shinagodar, aka yi makokin kwana uku, aka sauke tuta. Kowane guda cikin lissafin nan yana da fadarsa, yana da tsohuwa, wataƙila yana da abokin da ya zage shi ranar ƙarshe. Mai cewa ba su da amfani ya je ya tambayi mutanen Tiliya, inda aka kashe farar hula 137 rana guda a watan Maris na 2021, ko suna so a kafa musu post ko ba sa so. Kuma shi kansa in ɓarawo ya haura masa katanga 17, lambar polis, zai buga.

Amma kar ka tsaya gardama da su a fada, ba za ka ci ba. Ka ce musu ba hukumar 'yan sanda muke wa biki ba, ɗan fadarmu ne da muka sha shayi kofi guda, mai so ya zuba marar so ya riƙe kuɗinsa ba gaba. In kana son ka girmama masu kakin da suka rage, ka gyara takardun motonka yadda ba sai ka miƙa ba, ka ga na rompuwe tsaye cikin ranar Afrilu ka miƙa masa piyawata mai sanyi ka wuce. Hotunan gawarwakin da ake yawo da su a WhatsApp duk lokacin da aka kai hari kuma, in akwai na abokinka a wayar wani ɗan fada ka sa ya goge a gabanka. Wata rana ɗansa zai riƙe waya. Dokar 2019 ta laifukan intanet ma tana kama mai yaɗa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam, amma ni ba don doka nake faɗa ba.

Faɗanku kuwa, ɗana, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka faɗi magana marar daɗi, ka nemi gafarar Allah, ka yi masa addu'a bayan kowace salla. Amma ka ce dariya ya yi. Mutumin da ya san bakinka tun CI, ya zaro jikka 150 daga albashin ɗan sanda ya ba ka ba takarda, ya san wane ne kai fiye da zafin yini guda. Ba zaginka ne ya kai shi post ba, aiki ne ya kai shi, kuma kwanansa ne ya ƙare, ko da kun rabu kuna rungume da juna ranar ba za ta matsa ba. In kuka ya zo ka yi abinka, Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da ba na so shi ne wata goma sha ɗaya ba barci kuma kana ɗaukar 'ya'yan mutane a bayan moto. Kar ka bari wani ɗan tasha ya ce ga tramol ka sha ka ji ƙarfi, na san yadda ake yi a cikinku. In ka biya ka je gidan ka yi duk wannan, wata guda ya wuce har yanzu ido biyu kake kwana ko kana firgita, ka je babban asibitin Tawa ka gaya wa likita yadda ka gaya min. Mutanenmu da sun ji haka sai su ce za a kai su Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, a'a, rashin barci ciwo ne kamar hawan jini, ana duba shi.

Bokal ɗin na bari ƙarshe da gangan. Yau ɗin nan kafin ka kwanta ka tura shi wayar wani naka da ka yarda da shi, ana iya turawa ba sai an saurara ba, don wayar ɗan kabu-kabu yau tana aljihu gobe tana kan kwalta, in ta fashe ya tafi ke nan. Sauraro kuma sai bayan ka je ka faɗi bashin, kar ka buɗe shi da dare kai kaɗai, da safe bayan ka karya, wani na zaune kusa da kai. Ban san abin da ke ciki ba. Yana iya zama ya rama zagin, yana iya zama kuɗinsa ya tambaya, yana iya zama cewa ya yi kawo takardun moton gobe in ga abin da zan iya. Kowanne ne sakan 47 ne, ka ɗauki wanda ya fi shi nauyi wata goma sha ɗaya. In ka ji babu abin kunya a ciki ka ajiye wa yaran. Ni zamaninmu babu wannan, ko kaset ba mu da shi da muryar maigidan, autana tana da wata takwas ya rasu, tana CE2 ta dawo daga lakwal wata rana ta ajiye jaka ta ce Mama, Baba muryarsa babba ce ko ƙarama? Na buɗe baki in kwatanta mata na ga ni ma ta fara ɓace min.

Juma'ar nan za ka je, ba ta sama ba. Ka sayi goro na tsohuwa da ɗan biskit na yara, kar ka wuce haka kar ya zama kamar toshiyar baki. In ka dawo ka rubuto min ka gaya min aji nawa babbar take, da wanda aka sa mandater.

Tantinku, daga Bukoki, Yamai.